Shekarar da Na Kewaya Gawo a Kan Goɗiya

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya ba ni ido biyu, Ya karɓi ɗaya, Ya bar mini wanda ya ishe ni ganin jikokina.

Kun taso kun tarar ana kirana Na-Goɗiya, na kuma san sunan ba ya yi muku daɗi. Kwanan baya aka kawo mini ƙarar ɗaya daga cikin jikokina, wai ya fasa wa ɗan maƙwabta baki don ya ce masa jikan Na-Goɗiya. Da na tambaye shi abin da ya sani game da sunan, sai ya ce sharri ake yi mini, shi an gaya masa ingarma na hau, na tsere wa samarin ƙasar nan kaf da ido ɗaya. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Dokin mai baki ya fi gudu. Ban tsere wa kowa ba, kuma goɗiya na hau, ba ma wata kyakkyawa ba. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne raɗar da na ji tana yawo a tsakaninku, wai kakanku Ummaru, yayana, da gangan ya tsiyaye mini ido don hassada. Ita ce ta sa na ce a kawo tawada da takarda. Yayana yana kabari, ba shi da bakin kare kansa, ni kuwa nawa bakin yana nan, haƙora ne kawai suka ragu.

A lokacin da nake ba ku labari Turawa ba su daɗe da cin Sakkwato ba, Illela kuwa ba ta kai unguwa ɗaya ta yanzu ba. Wasu Turawa sun zo da 'yan alaro masu ɗaukar musu kaya da tutoci, sun yi ta leƙe-leƙe a cikin wani ƙarfe, suka kafa duwatsu tsakaninmu da Ƙonni, suka ce kudu na Ingilishi ne, arewa na Faransa. Mu dai ba a tambaye mu ba. Wani ya wayi gari gonarsa a nan, rijiyarsa a can, dutsen kuma mata masu komowa daga itace suka samu wurin sauke kaya su huta. Mahaifinmu, Malam Buhari, dillalin dawaki ne. Yakan sayo ramammu daga arewa ta Ƙonni, ya ɗaure a turke, ya cika su da gero da harawa da kanwa har gashinsu ya kwanta, sannan mutanen Sakkwato su zo su saya. Amma a sana'ar nan ba a sayar da doki a turke, sai an ga gudunsa. Shi ya sa kowace shekara, in an gama kai gero rumbu, samarin Illela da Amarawa da Garu da Tozai, har da na ƙetaren dutse, sukan taru a fakon da ke tsakaninmu da Amarawa a yi sukuwa. Dattawa da masu saye suna zaune a tabarmi, a tashi daga gabansu, a miƙe zuwa wani babban gawo da ke can ƙarshen fako, a kewaya shi yana hannun hagu, a dawo. Ni da Ummaru mu ne masu hawa wa Baba. Abin da muka nuna a ranar nan shi gidanmu yake ci har shekara ta zagayo.

Ummaru ya girme ni da 'yan shekaru. Ya fi ni zama a sirdi, na fi shi rashin tsoro, wanda a lokacin nake ɗauka gwaninta ce. A shekarar da abin ya faru mun kewaya gawo tare, shi yana haguna, gwiwa na gogar gwiwa. Na ga zai wuce ni, sai na kwanta a wuyan dokina na matsa kusa da shi. Daidai nan ya ɗaga dorina zai tsula wa nasa, bakin dorinar ya same ni a idon hagu. Ban ji zafi nan take ba. Wani farin haske na gani, sai ɗumi yana bin kumatuna, har na kai gaban dattawa ban faɗi ba. Ku riƙe wannan da kyau: shi dokinsa ya nufa. Babu hassada a ciki, babu mugun nufi. Tsautsayi ne, shi kuwa ba ya wuce ranarsa.

An yi magani iyakar yi. Wanzami ya zo, an ɗiga nonon mai jego, an yi rubutu na sha, an wanke da saiwoyin da ban san sunansu ba. Kafin sanyi ya wuce idon ya tsiyaye, fatar ta rufe. Ranar da aka kwance ƙyallen da aka ɗaure idon da shi, Baba yana zaure da Liman, aka kai ni su gani. Ummaru yana tsugune a bakin ƙofa. Ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Baba, Liman, ku shaida. Na rantse da wanda yah halicce ni, ba ni ƙara sa ƙahwata ga likkahwa sai ran da Haliru yak kewaya gawon ga bisa sirdi."

Baba ya daka masa tsawa.

"Wa yat tambaye ka rantsuwa? Ɗaya ya rasa ido, ɗaya kuma shi rasa hankali?"

Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Kowa a zauren ya san abin da rantsuwar take nufi: ba zai ƙara hawan doki ba sai na kewaya gawo. Gawo a hagu ake barinsa, ni kuwa haguna ta mutu. Ummaru ya yanke wa kansa tafiyar ƙasa har abada, ya dai lulluɓe hukuncin da sunana.

Ana cewa mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Gaskiya ne, amma wanda ya yi karin maganar bai taɓa zuba fura a gefen ƙwarya ba. Mutane suna zaton wanda ya rasa ido ɗaya rabin duniya ya rasa. Wannan ma akwai, sai dai ba shi ne babba ba. Babban shi ne nisa ya ɓace maka. Abu yana gabanka, kana ganinsa sarai, ba ka san ko hannunka zai kai ba. In miƙa hannu zan gaisa da mutum, in kama iska. In sunkuya zan ɗauki buta, in tunkuɗe ta. Kafaɗata ta hagu ta gaisa da kowace ƙofa a gidanmu. Mutum ya zo ta hagu ya yi sallama, in zabura kamar marar gaskiya. Innarmu ta koma ajiye mini akushi a dama, ta hana kowa zama a haguna. A hankali na koyi juya kai, na koyi taɓa bakin ƙwarya da yatsa kafin in zuba, na koyi duban inuwar abu in san inda yake. Zaman gida dai ya samu. Abin da bai samu ba shi ne hawa, ni kuwa in ba a kan doki ba ban san me nake a duniya ba.

Da na matsa, Baba ya sa aka ɗaura mini sirdi a kan wani tsohon kuru, ɗan guntun doki, da muke da shi, mai sanyin hali, wanda ko ganga aka buga masa a kunne ba ya ɗaga kai. Duk gari aka ce an yi dabara, mai ido ɗaya sai doki mai haƙuri. Tausayi ne, na sani, amma kuskure ne, ko da yake ni ma ban gane ba sai daga baya. Kurun nan duk inda ka nufa da shi nan za shi, ko rami ne. Ran nan na ɗan sakar masa linzami a bayan gari, na nufi wata aduwa in gwada kewayawa. Ina matsowa ta shige cikin duhun haguna. Na juya kai gaba ɗaya in neme ta, jikina ya bi kaina, hannuna ya bi jikina, kuru ya bi hannuna, muka afka cikin ƙaya ni da shi. Aka ɗauko ni fuska duk karce, ƙaya ɗaya ta tsaya dab da idon da ya rage. Baba ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce:

"Haliru, ɗaya yar rage muna. Ba ni caca da shi. Daga yau ba kai ba sukuwa."

Ban yi masa musu ba.

Haka gidan dillalin dawaki ya koma ba mahayi. Baba girma ya kama shi, tafiyar arewa ta fi ƙarfinsa, ga Faransa sun fara tare hanya suna karɓe dawaki, sai mai iya bin daji yake wucewa da su. Turaku suka fara zama wayam. Ummaru, wanda 'yan mata ke leƙowa ta danga in zai wuce a kan doki, ya koma korar jakuna, ya kai gero Ƙonni ya ɗauko kanwa, ƙafafunsa duk suka yi faso. Liman ya kira shi ya ce rantsuwa tana da kaffara, ya yi ya hau abinsa. Ya ce ya ji, ya gode, bai yi ba. Abin da ya fi damuna, ya daina zama inda nake. In na shigo zaure sai ya tuna wani aiki. A da akushi ɗaya muke ci, yanzu sai ya ce ya ci a waje. Wata rana na gaji, na je na tare shi a wurin dutsen Turawa yana komowa da jakunansa.

"Yaya, ni ban riƙe ka da komi ba. Yi kaffara ka hau."

"Na san ba ka riƙe ni ba. Da ka riƙe ni da ya hi sauƙi."

Duk maganar nan da jaki yake yinta, bai ɗaga kai ba. Nan na gane bakina yana faɗa masa abu ɗaya, fuskata tana faɗa masa wani. Da damina ta faɗi sai muka ji ya yi magana da wani madugu, in an gama kaka zai bi ayarin Gwanja.

Innarmu Bafillata ce, 'yar rugar Tozai, Ummaru kuma ɗan farinta ne. Kun san al'ada. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama da shi, ko ciwo yake yi sai dai ta aika a dubo. Ba ta da bakin da za ta ce masa kada ka tafi. Ni ta samu wata safiya ina ba goɗiyarmu dusa. Ta tsaya kamar mai neman wani abu a ƙasa, ta ce:

"Yayanka za shi Gwanja."

"Na ji, Inna."

"Wanda yat tahi neman goro shina komowa. Wanda yat tahi don kar shi ga huskar ƙanenai, ba shi komowa."

"To mi za ni yi? Baba ya hana, kin kuma ga yadda munka ƙare da kuru."

"Na gani. An haɗa ka da wanda ba shi gaya maka komi. Mu can ruga makiyayi ba shi da ido ga ƙeya, amma kura ba ta mamaye shi. Kunnen saniya shika kallo. Dubi wagga."

Na dubi goɗiyar. Kanta yana cikin dusa, amma wata kaza ta gifta ta hagunta, kunnen hagu ya bi kazar har ta wuce, na dama kuwa yana wurinmu. Tun ina ƙarami nake hawan dawaki ban taɓa kula da wannan ba, don ina da idon da zan duba da kaina.

"Ciyawa ta hito Tozai," in ji Inna. "Goɗiyar ga tana son kiwo, kai ta wajen kawunka. Ni ban ce ka yi komi ba."

Sai na gaya muku abin da goɗiya take a wancan zamani, don yanzu da keke da mota suka zo kun daina sani. Namiji mai mutunci ba ya hawan goɗiya. Ta haihuwa ce. Yara ke kai ta ruwa, sai ko talakan ƙauye da ba shi da yadda zai yi, shi ma in ya kusa gari yakan sauka ya ja ta. Ɗan dillalin dawaki a kan goɗiya a gaban jama'a, kamar a ce ɗan sarkin fawa ya fito tallan rama ne. Tamu kuwa ja ce mai farin tabo a goshi, cikinta ya ɗan sauka don haihuwa, ga tsoro, ko ganye ya motsa ta sani. Kada ku zaci ban nemi wannan hali a wurin namijin doki ba. Na gwada na kawuna, na gwada na maƙwabtansa, ban samu ba. Ingarma in ya ga 'yan'uwansa kunnuwansa suna wurin faɗa, in ya ji ƙaimi ya kwantar da su baya, ba ka da labarin komai. Ita kuwa ta yi renon 'ya'ya a dajin da kura ke yawo, ba abin da yake wuce ta.

Damina guda na yi a Tozai. Kullum da hantsi in an saki shanu, sai in ɗaura mata sirdin kawuna mu nufi wata tsamiya a bayan ruga. Da tafiya muka fara, sannan sassarfa, sannan sukuwa. Abin da ya fi wuya shi ne in hana kaina juyawa. Duk jikinka yana ce maka duba, ga itace nan zai kashe ka, kai kuwa dole ka tsayar da kai, ka zuba ido tsakanin kunnuwanta. In muna matsowa kunnen hagu yakan nuna gaba. Sai ya fara juyawa a hankali, yana bin tsamiyar da ni na daina gani. In ya kai gefe sosai, to itacen yana daidai kafaɗarta, sai in kwantar da linzami in ba ta nauyina, ta kewaya. Na sha ƙasa, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Makiyaya sun yi dariya har sun gaji sun koma ba ni shawara, kowa da tasa, ba wanda ya taɓa hawan abin da ya fi takarkari gudu. Amma kafin gero ya fitar da kai na kai inda nake kewaya tsamiyar nan a guje, ganyenta na shafar hulata, hankalina kwance. Ran da na fara yin haka na sauka na rungume wuyan goɗiyar ina kuka. Ban ji kunya ba, har yanzu ma ba na ji.

Da na komo gida an fara yankan gero. Baba ya zagaya goɗiyar, ya shafa bayanta inda sirdi ya kwantar da gashi, ya dubi haƙarƙarinta inda igiyar ɗaure sirdi take bi, ya dube ni.

"Kiwon Tozai ramewa shika sawa bana?"

"Ƙuda sun yi yawa, Baba."

"Lalle. Har sun yi mata shaidar majayi."

Ya juya ya shige zaure.

Ranar sukuwa ta zo, ayarin Gwanja kuma saura kwana kaɗan ya tashi, har Ummaru ya ɗinko takalman tafiya. Da la'asar fako ya cika. Baba yana kan tabarma da baƙinsa na Sakkwato, 'yan dawakin da ya samu ya tara bana ya ba 'ya'yan maƙwabta su hau. Na bari sai da samari suka jeru, sannan na fito daga bayan kalgo a kan goɗiya. Duk aka juyo ana kallona. Sai wani ya fashe da dariya, fako duka ya ɗauka. Sarkin samari, wanda shi ke jera mahaya, ya taho yana riƙe ciki.

"Haliru, ruwa kaka kai ta? Rijiya na can baya."

"Sukuwa niz zaka."

"Bisa wagga? Cikin maza? Ba a taɓa yi ba."

Gardama ta tashi. Wasu suka ce za ta ruɗa dawaki, wani tsoho daga Amarawa ya ce a wannan lokaci goɗiya ba ta neman namiji, ba abin da za ta ruɗa sai masu girman kai. Daga ƙarshe aka ce ɗa na Malam Buhari ne, goɗiya tasa ce, shi zai yanke. Duk aka juya ana kallonsa. Ya tashi daga cikin baƙinsa, ya tako a hankali har inda nake. Na sadaƙar sauke ni zai yi. Ya tsaya a damana inda nake ganinsa, ya daɗe yana duban idon nan ɗaya. Sannan ya waiwaya cikin taro, na san wanda yake nema, bai gan shi ba. Sai ya sa hannu ƙarƙashin majayi, ya ji ya yi sako-sako, ya ja shi ya ɗaure da kansa.

"In za ka kunyata ni, kunyata ni bisa sirdi, ba ƙasa ba."

Ku san abin da jan majayin nan ya ci masa. Baƙin Sakkwato ba su sayi komai ba a ranar, suka koma suna ba da labarin dillalin da ɗansa ke hawan goɗiya. Babban gidan da ya daɗe yana saye a hannunmu ya koma wurin wani, sai da muka yi shekaru kafin turakunmu su sake cika. Maroƙa suka sa ni a waƙa, sunan nan da kuke jin haushi ya samo asali. Baba ya san duk wannan zai biyo baya, ya fi kowa sanin mutanen da yake ciniki da su. Ya ga 'ya'ya biyu a gefe ɗaya, girmansa a gefe ɗaya, ya ja majayi. Bai taɓa yi mini gori a kai ba har ya bar duniya.

Sarkin samari, da ya ga abin da gaske ne, sai tausayi ya kama shi. Ya ce in tsaya can ƙarshen dama, nesa da gawo, kada a matse ni da itace. Irin tausayin kuru aka sake yi mini. In na tsaya a dama, duk mahaya suna cikin duhuna ke nan, kowa da dorinarsa.

"A'a. Ku sa ni hagu, wajen gawo."

"Nan aka karyewa, Haliru."

"Ku nika son gani, ku ka motsi. Gawo inda shike nan shike."

Aka bar ni. Na duba taro iyakar ganina ko zan hango Ummaru, ban gan shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, wato don shi na sha ƙasar Tozai, shi kuwa ko kallo ba zai iya ba.

Aka buga ganga muka tashi. Goɗiya ta ba mutane mamaki, ba ta yarda an bar ta ba, muna cikin na gaba-gaba har tsakiyar fako. A dama ina ganin kowa, wuyan dawaki da hannayen riguna suna tashi. Gawo yana girma a gabana, sannan ya fara zamewa hagu, ya shige inda ba na gani. Na tsayar da kaina, na zuba ido a kunnenta. Ya nuna gaba, ya fara juyawa yadda muka saba. Sai ya yi abin da bai taɓa yi a Tozai ba. Ya tsaya cak ya miƙe, na dama ma ya biyo shi, ta rage gudu da kanta tana neman buɗewa. A sanina lokacin kwantar da linzami ya yi, hannuna har ya fara. Amma damina guda na yi ina koyon abu ɗaya, in ta faɗa in ji. Na sakar mata. Ta buɗe ta yi kewaye mai faɗi, dawaki suka zubo ta gabanmu da bayanmu suka wuce, na ji ihu ya tashi daga taro ban san na mene ne ba. Da muka miƙe, gawo yana bayana. Na kewaya. Muka iso gaban dattawa cikin na ƙarshe, ba wanda muka fi sai wani da sirdinsa ya juya.

Na zaci za a yi dariya, ba a yi ba. Baba ma ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo. Na juya goɗiyar gaba ɗaya don in ga abin da ake kallo. Mutum ne yake tahowa daga gindin gawo, a ƙasa, yana ɗingishi, hannun rigarsa a yage. Ummaru ne. Ashe ya san komai, masu tallan nono sun gaya masa tun da damina. Tun kafin a jeru ya je ya laɓe a bayan itacen. Da ya ga mun taso sai ya fito ya jingina bayansa da gindin, ya buɗe hannuwa, daidai inda zan bi. Shi goɗiya ta gani. Da na ja linzamin nan a inda na saba, da ta kansa za mu bi. Dokin wani ɗan Garu ne ya buge shi da kafaɗa bayan na buɗe. Kowa a fakon nan ya gan shi tsaye a wurin, ban da ni.

Ya iso ya kama linzamin goɗiya, ya ɗaga kai ya dube ni, duba na sosai, wanda rabonsa da yi tun ranar da aka kwance ƙyalle.

"Yaya, hauka kaka yi? Da na take ka hwa?"

"In ka kuskure, gwamma ka same ni. Na hi gawo taushi."

Baba ya sa aka kwanto akawalinsa, baƙin dokin da ba mai hawansa sai shi, ya miƙa wa Ummaru linzami.

"Kai shi gida."

Ummaru ya karɓa, ya juya zai ja shi yadda ya saba da jakuna.

"Ja nic ce ka yi? Liman, gaya mai."

Liman ya ce, "Ya kewaya, bisa sirdi, gaban shaidu. Ba ka da sauran rantsuwa, Ummaru."

Na kau da kai don kada in ƙara masa kunya, na sa goɗiya a hanyar gida. Baba ya ce shi zai tako da Liman. Rana ta yi sanyi, gonaki sai kara, ana koro shanu. Na yi ɗan nisa ni kaɗai, ba na son waiwaye, ina tsoron in gan shi a ƙasa yana ja. Sai kunnen goɗiya na hagu ya juya baya. Na ji kofato yana matsowa, ba gaggawa, ya zo ya daidaita da ni ta wajen da ba na gani. Ban juya ba. Can sai likkafarsa ta taɓa tawa, ta yi 'yar ƙara.

"Ni na, Haliru. Dubi gabanka. Wajen ga bar min shi."

Ayarin Gwanja ya tashi ba shi. Wajen nan kuwa ya riƙe shi, a sukuwa da hanyar arewa da hanyar masallaci, har ranar da muka ɗauke shi muka kai shi makwancinsa.